Yadda Ubangiji Ya Wanke Ni Daga Zargin Satar Taya

'Yan'uwana cikin Almasihu, iyayena maza da mata, ina gaishe ku da sunan Yesu mai cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaku. Daga wajen Bogoro na fito, amma tuƙi ya kawo ni Azare tun ina saurayi, a nan na yi aure, a nan muka haifi 'ya'yanmu. Matata Rifkatu ga ta can cikin zumuntar mata. Ina yi wa wani Alhaji tuƙi, mai sayen riɗi da wake a ƙauyukan Katagum. Ba zan faɗi sunansa ba.

Shaidata a kan tayar mota ce. Na ga wasu sun fara murmushi. Ku yi, ba komai. Amma tayar nan ta kusa raba ni da aikina, da sunana, da lafiyata, har da wannan majami'a da nake tsaye a cikinta.

Bara Alhaji ya sayo wata mota mai amfani da lantarki. Ba ta shan mai, ba ta da ƙarar inji, ba ta hayaƙi. Ya sa aka jera masa faranten sola a rufin sito, da su ake yi mata caji. Ga nauyi, ga gudu. Ka ɗan taɓa totur, sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Ko makulli ba ta da shi, wani ɗan kati ne.

Direbobi biyu ne mu a gidan. Akwai Malam Buba, Bafulatanin Udubo, wanda ya riga ni fara aiki, ya kuma girme ni. Tare muke cin abinci a tire ɗaya a ƙofar gareji. Ranar da motar ta iso, Alhaji ya tsallake shi ya miƙo mini katin.

Malam Buba ya ce, "Allah ya sanya alheri, Ishaku."

Na ce amin. Amma na kalli fuskarsa, na ga bai yi dariya ba. Na ajiye abin a raina.

Ba mu daɗe da motar ba, wata rana muna dawowa daga Dambam ƙusa ta huda tayar baya. Na tsaya wajen mai faci a bakin gari. Da ya kwance ta ya mirgino ta gabana, sai ya ce, "Direba, zo ka ga."

Gefen waje na tayar sabo fil, zanenta duk yana nan. Amma gefen ciki, wanda ke fuskantar ƙarƙashin mota, ya suɗe sumul kamar tafin hannu. Muka leƙa ɗaya tayar bayan, ita ma haka. Na gaba kuwa lafiya ƙalau.

Na gaya wa Alhaji. Ya ce ƙila masu sayar da motar ne suka saka mata marasa kyau. Irin tayar ba a samunta a Azare, sai da aka yi odarta daga nesa. Aka saka sababbi.

Kafin kaka ta wuce, su ma sun cinye. A wuri ɗaya, gefen ciki.

A nan ne Alhaji ya kira ni ofis, ya ce in turo ƙofa.

"Ishaku, shekara nawa kana tuƙa ni?"

"An daɗe, ranka ya daɗe."

"Na taɓa bincikar aljihunka?"

"A'a."

"To ka fahimtar da ni. Tsohuwar motata tana bin hanyoyin nan, tayarta kan kai shekaru. In ka ce hanya ce, na gaba ba a hanyar suke tafiya ba? Me ya sa na baya kaɗai?"

Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya ban sani ba.

Sannan ya ce, "Mutane suna gaya mini akwai direbobin da ke cire sabuwar taya su sayar, su mayar da tsohuwa 'yar Kwatano wadda aka goge mata fuska. Ban ce kai ba ne. Ina dai gaya maka abin da ake gaya mini."

'Yan'uwa, haka na fito daga ofishin nan. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a kunne: mutane. Su wa ne mutanen?

Daga ranar nan wani ciwo ya shiga zuciyata, kuma ciwon ya fi zargin da aka yi mini muni. Ni da aka zarga, sai na koma ina zargin kowa.

Na fara da Malam Buba. Yana da makullin gareji. Shi aka tsallake. Wata safiya na iso na tarar da shi a tsugune kusa da tayar baya, hannunsa a kanta. Ya ɗago ya ce, "Ina dubawa ne, abin ya ɗaure mini kai." Na ce a raina, ai kai ka san abin da kake dubawa. Na daina sa hannu a tirensa. Ya kawo fura daga Udubo ya miƙo mini, na ce cikina ba daɗi. Tsoro nake kada ya sa mini wani abu.

Da aka saka tayoyi na uku, na ɗauki jan farcen Rifkatu na ɗiga a wani lungu a jikin kowace taya, inda ba wanda zai lura. Kullum da safe sai na kwanta a ƙasa na duba. Alamar tana nan. Tayar ita ce, ba a musanya ba. Amma tana ci gaba da cinyewa a gaban idona.

Mai hankali zai ce, to ashe ba ɓarawo. Ni kuwa sai na ce, ashe ba aikin hannu ba ne, sammu ne. Ni Ishaku, wanda aka yi wa baftisma, wanda ke rera waƙa a zumuntar maza, na zauna ina tunanin wa ya kai sunana wurin boka.

Zargin ya biyo ni har cikin majami'a. Akwai wani ɗan'uwa a nan da ya taɓa tambayata ko Alhaji yana neman ƙarin direba. Tambaya ce kawai ta mai neman abinci. Sai na mayar da shi maƙiyi. In ana sujada, ba na jin wa'azi, ƙeyarsa nake kallo. In ya ce "sannu Ishaku, ya aiki?" sai in ji kamar dariya yake yi mini.

Har Rifkatu ba ta tsira ba. Na tsare ta na ce, "Wa kike gaya wa maganar gidan Alhaji?"

Ta ce, "Baban Tabita, ni? Ni ce zan tona maka asiri?"

Na ce, "To ta ina maganar take fita?"

Ta fashe da kuka. Ban rarrashe ta ba.

Na rame. Kaina ya riƙa sarawa. Da na je asibiti suka ce jinina ya hau.

Tayoyi na uku su ma suka cinye. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu kawai ya ce, "Ba ni katin. Ka je gida ka huta, zan neme ka." A gabana ya kira Malam Buba ya ba shi.

Kun san Azare. Kafin in kai gida magana ta riga ni. A tasha direbobi suka sa mini suna. In na wuce sai wani ya ce da ƙarfi, "Jama'a, kowa ya ƙirga tayarsa!" a kwashe da dariya. 'Yata Tabita ta dawo daga makaranta ido jawur, ta ce, "Baba, an ce kai ɓarawon taya ne. Gaskiya ne?"

Wayyo! Da a ce mari ta yi mini, da ya fi sauƙi.

Sai Shaiɗan ya ƙara mini wata. Ya ce, don kai Kirista ne aka yi maka haka. Na karɓa, na riƙe. Na manta cewa mutumin nan bai taɓa sa ni aiki ranar Lahadi ba. Na manta lokacin da aka yi wa Rifkatu tiyata, da kansa ya zo asibiti ya zauna tare da ni a benci. Zargi ya shafe mini duk wannan.

Na daina zuwa sujada. Wani maƙwabci ya ba ni aron keken adaidaita ina ɗan zagawa da shi, ina sa hular sanyi har gira don kada a gane ni.

Rifkatu ce ta je ta gaya wa Baba Fasto. Wata Laraba da yamma, kafin a fara taron addu'a, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi shi kaɗai a bencin gaba. Na zazzage masa komai: Buba, boka, ɗan'uwan nan, Alhaji, matata. Ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ce, "Ishaku, cikin mutanen nan duka, wa ka gani da idonka ya yi maka mugunta?"

Na ce, "Baba, ai na ga Buba a tsugune."

"Ka ga ya tsuguna. Me ka ga ya yi?"

Na ce, "Ban ga ya yi komai ba, Baba."

Ya ce, "Ni ban san komai a kan mota ba, ban san abin da ke cin tayar ba. Amma na ga abin da ke cin ka. Abin da Alhaji ya yi maka ya yi maka ciwo, domin ya yanke maka hukunci bai gani ba. Kai mutum nawa ka yanke wa? Durƙusa. Za ka yi wa kowannensu addu'ar albarka, kana kiran sunansa."

Muka durƙusa. Na yi wa Rifkatu, addu'ar ta fito da sauƙi. Na yi wa ɗan'uwan nan, da ƙyar. Na yi wa Alhaji. Da na zo kan Malam Buba, bakina ya ƙi buɗuwa. Baba Fasto ya dafa kafaɗata ya ce, "Muna jira, Ubangiji ma yana jira."

Na ce, "Ya Yesu, ban iya ba. Ka taimake ni." Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. A cikin kukan na ji bakina yana cewa, "Ka albarkaci Buba. Ka tsare shi a hanya. Ka tsare shi a cikin motar nan." Na ce, "Ubangiji, ko ka wanke ni ko ba ka wanke ni ba, na sauke wannan kaya."

Na tashi jikina sakayau. Ba abin da ya canza a waje. Har yanzu ba ni da aiki, har yanzu ana kirana ɓarawo. Amma na koma gida na roƙi matata gafara, na ci tuwo har na nemi ƙari. Halleluya!

Bayan wasu makonni, wata safiya na sauke fasinja kusa da wani kantin magani a kan hanyar fita Kano. Sai ga motar Alhaji an ajiye ta a kan kwalbati, bayanta ya ɗan ɗago. Ni kuma ina ƙasa, a gangare. Rana ta haska ƙarƙashinta, na hango wani abu yana ƙyalli a gefen ciki na tayar baya.

Na san wannan ƙyalli. Wayar cikin taya ce ta fito.

Malam Buba yana tsaye yana jira. A kujerar baya akwai Hajiya, matar Alhaji, da 'yarsu mai tsohon ciki. Daga jakunkunan da na gani na gane Kano za su, wajen likita. Hanya mai santsi, mota mai gudu, rana tana ƙara zafi.

Wata murya ta ce mini, ja kekenka ka tafi. In ka matsa kusa da motar nan za a ce kai ka taɓa ta. Ai sun kore ka, su ji da abinsu. Amma na tuna abin da bakina ya roƙa a durƙushe. Na kashe keke na hau gangaren.

Malam Buba yana ganina ya haɗe rai. Ban yi masa dogon bayani ba, na kwanta a ƙasa na leƙa.

"Kai! Me kake nema a ƙarƙashin mota?"

Hajiya ta sauke gilashi. "Buba, wane ne? Ba Ishaku ba ne? Me ya sa a wurin?"

Mutane suka fara taruwa. Na ji wani yana cewa, "Shi ne fa wanda aka kora." Wani ya kama ƙafata zai janyo ni.

Na ce, "Malam Buba, don girman Allah kada ka hau hanya da motar nan. Miƙo hannunka."

Ya tsaya yana dubana, ya kasa yanke shawara. Can ya tattare rigarsa ya tsuguna. Na kama hannunsa na kai bayan tayar. Ya zabura ya fizge. Jini a yatsansa, waya ta soke shi. Ya sake mayar da hannun a hankali, ya shafa, ya ji wani kumburi kamar ƙwai a jikin tayar.

"Innalillahi," in ji shi. "Wannan ko gadar Jama'are ba za ta kai mu ba."

Aka kira Alhaji. Ya zo, ya sa aka kawo jak aka kwance tayar a gaban jama'a. Gefen waje kamar jiya aka saya, gefen ciki waya tsirara. Ashe bayan tafiyata, Alhaji da kansa ya karɓo waɗannan tayoyi, ya tsaya aka ɗaura su, ya daina ajiye motar a gareji, ya riƙa kulle ta a cikin gidansa, makullin ƙofar a aljihunsa.

Kuna tsammani nan take ya rungume ni? Ina! Ya juyo ya ce, "Ya aka yi ka san su za su biyo ta nan? Ya aka yi ka san inda za ka duba?"

Da a watannin baya ne, da na yi zuciya. Amma na ji wata natsuwa da ba tawa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Fasinja na sauke. Allah ne ya nuna mini."

Hajiya ta ce daga cikin mota, "Alhaji, ko ma yaya ne, da yanzu muna hanya."

Alhaji ya sa aka kawo tsohuwar mota, wani ƙaninsa ya kai su Hajiya Kano. Washegari aka ɗora mai lantarkin a kan babbar mota. Alhaji ya ce ni da Malam Buba duka mu shirya, tare za mu je, yana so a yi ta ta ƙare a gaban kowa.

A Kano aka kai ta wani babban gareji mai na'urar duba saitin ƙafafun mota, abin da makanikai ke kira alaimen. Aka maƙala wa kowace ƙafa wani ƙarfe. Injiniyan ya kira mu gaban allon kwamfuta. Ƙafafun gaba kore. Na baya duka ja.

Ya ce, "Alhaji, dubi nan. Irin motocin nan masu gudu, dama ana ɗan kwantar da ƙafafunsu na baya ciki don su kama hanya a kwana. Taka ta wuce yadda ya kamata, kuma bakin tayoyin ya karkace, ba sa kallon gaba sak. Wataƙila wani rami ta faɗa tun tana sabuwa. Tayar ba mirginawa kawai take yi ba, gogar kwalta take yi da gefe ɗaya. Ga nauyin batir a kanta, ga ƙarfin motar yana sauka a baya lokaci guda duk sanda aka taka. Ko sabuwa ka saka kowane wata, haka za ta cinye."

Alhaji ya ce, "Kana nufin ba wanda ya musanya?"

"Wa zai musanya? Ba kai ne na farko da ya kawo mini irin wannan ba. A gyara saitin, a riƙa dubawa a kai a kai, a riƙa leƙa cikin tayar ba wajenta kaɗai ba. Mai tuƙi kuma ya rage fizgar ta in zai tashi."

A nan kam na sunkuyar da kai, domin ina son fizgar nan. Alhaji ma ya kau da fuska, don shi ne ke cewa in taka ta abokansa su gani.

Babu ɓarawo. Babu boka. Babu maƙiyi. Ƙarfe ne ya goce!

Bayan an gyara motar muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Wudil. Sai Alhaji ya ce Malam Buba ya tsaya. Muka fito a gindin wata bishiya. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Ishaku, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini tun muna duniya."

Na ce, "Na yafe, ranka ya daɗe. Na riga na yafe tun kafin yau."

Sai na juya wajen Malam Buba na ce, "Malam, ni ma ka yafe mini. Na zarge ka."

Ya ce, "Na sani. Tun ranar da ka ƙi furata na sani." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma na zarge ka, Ishaku. Da Alhaji ya tambaye ni, ban ce ka yi ba, amma ban ce ba ka yi ba. Shirun nan ya daɗe yana damuna."

Muka tsaya mu uku, manyan mutane, a bakin titi, kowa yana share ido, motoci suna wucewa.

Da muka iso Azare, Alhaji bai ce a kai shi gida ba. Ya ce a wuce tasha. Ya fito a tsakiyar direbobi, ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce, "Duk wanda ya ji daga bakina ko daga gidana cewa mutumin nan ya ci amanata, to ya ji daga bakina yau: ƙarya ne. Shi ya ceci iyalina." Daga baya 'yarsa ta sauka lafiya, ta haifi namiji. Ranar suna ni na yi ta jigilar baƙi.

Na koma aiki. Jinina ya sauka. Akwai waɗanda har yau in sun gan ni suke raɗa, ban damu ba. Ɗan'uwana kuma da na ƙulla a zuciya ba tare da ya sani ba, na je gidansa jiya mun yi magana, yana zaune a cikinku, ya san kansa. Na gode maka.

'Yan'uwa, wataƙila akwai wanda ke zaune a nan da wani abu yana lalacewa a gidansa ko a wurin aikinsa, ya rasa dalili, ya fara duban fuskokin mutane yana neman mai laifi. Ina roƙonka, kada ka yanke wa kowa hukunci a kan abin da ba ka gani ba. Ka kai wa Yesu. In kuma kai ne aka ɗora wa abin da ba ka yi ba, kada ka rama, kada ka gudu daga gaban Ubangiji kamar yadda na gudu. Shi ya san gaskiyarka, kuma ya san ranar da zai fito da ita.

Na gode wa Baba Fasto. Na gode wa Rifkatu da ta jure ni. Godiya mafi girma ga Yesu Almasihu, wanda ya tsare rayuka a hanya, ya mayar mini da sunana, ya kuma warkar da zuciyata. Ku taya ni ɗaga murya: ku yabi Ubangiji! Halleluya, amin.